Hasken da ya wuce fyau ba tauraruwa mai wutsiya ba ne

Mutane da yawa in suka ga haske ya tsaga sama da daddare ya ɓace kafin ƙiftawar ido, sai su ce sun ga tauraruwa mai wutsiya. Ba ita ba ce. Wannan ɗan tsakuwa ne, wani bai fi ƙwayar gero ba, da ya shigo iskar duniya a guje ya ƙone.

Tauraruwa mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura mai zagaya rana. In ta bayyana, kamar a tsaye za ka gan ta, dishi-dishi kamar ɗan auduga. Sai ka lura da taurarin da ke gefenta yau, gobe ka sake dubawa, sannan ka gane ta ɗan gusa. Da irin wannan awo dare bayan dare masana ke lissafa hanyarta. Masanin taurari Edmond Halley ya gano cewa wadda aka gani a 1531 da 1607 da 1682 guda ɗaya ce, ya ce za ta dawo wajen 1758, ta kuwa dawo bayan rasuwarsa. An gan ta a 1986, ana sa ranta a 2061.

Wutsiyar ma rana ce ke tura ta, shi ya sa in tauraruwar ta juya tana barin rana, wutsiyar ke gaba.

Hasashen yawan haskenta kuwa shi ke ba masana kunya. An yi ta zuzuta hasken da wata mai suna ISON za ta yi a 2013, da ta matsa kusa da rana sai ta tarwatse.