Juriyar da Tumatir Ya Baro a Daji

Duk wanda ya taɓa noman tumatir a lokacin zafi ya san wannan takaicin. Shuka ta yi kore shar, fure ya fito rawaya gwanin sha'awa, sai ka wayi gari ka tarar da furen ya kaɗe a ƙasa, ko ɗa guda bai ƙulla ba. Mutum ya ƙara taki, ya ƙara ban ruwa, a banza. Idan zafin rana ya haura digiri 32, dare kuma ya ƙi saukowa ƙasa da 21, garin furen da ke yin barbara ne yake lalacewa.

Ni a ganina, an daɗe ana kuskure wajen zaɓen iri. Masu inganta iri sun shafe shekaru suna neman girma da ja da jure doguwar tafiya a mota, juriyar zafi da fari kuwa aka bar ta a baya. Alhali tana nan a jikin dangin tumatir na daji a Kudancin Amurka. Akwai wanda ke tsirowa a busassun gangaren duwatsun Peru, akwai na tsibiran Galapagos da ke rayuwa dab da ruwan gishiri. 'Ya'yansu ƙanana ne, ba mai kallonsu a kasuwa, amma masanin tsirrai Charles Rick na Jami'ar Kalifoniya ya shafe shekaru yana bin tsaunuka yana tara irinsu. Cibiyar binciken kayan lambu da aka kafa a Taiwan a 1971 ma ta fitar da tumatir mai ƙulla 'ya'ya cikin zafi. Har aure ake yi wa tumatir a kan saiwar gauta don ya jure kwanciyar ruwa.

Tun 2012 aka kammala karanta jerin ƙwayoyin gadon tumatir, kuma hakan ya hanzarta aikin sosai. Sai dai juriyar fari ba ƙwayar gado guda ke riƙe da ita ba, suna da yawa, kowace da ɗan ƙaramin tasirinta. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji an tallata iri bayan gwaji a ɗakin gilashi na renon shuka kawai. A gona zafi da ƙishirwa da ƙwari tare suke zuwa. A kai irin gonakin manoma, a bar shi ya sha shekarar wahala, sannan a buga masa suna a jikin leda.