A fara tambayar kuɗin ɗaki kafin a zaɓi jami'a a ƙasar waje

Idan batun karatu a ƙetare ya taso, yawancin iyaye da ɗalibai a kan sunan ƙasa da martabar jami'a suke tsayawa, alhali ɗalibi a gari ɗaya zai zauna, cikin ɗaki ɗaya da ake karɓar kuɗinsa duk ƙarshen wata ko an ci jarrabawa ko an faɗi. A ganina da wannan ɗakin ya kamata a fara lissafi, tun kafin a cike takardar neman gurbi.

Su kansu hukumomin shige da fice sun san da haka. A farkon 2025 Birtaniya ta wajabta wa mai neman bizar karatu ya nuna fam 1,483 na kowane wata idan a Landan zai zauna, ko fam 1,136 idan a wani gari ne, har na tsawon wata tara. Ke nan gwamnati da kanta ta yarda cewa zaman Landan ya ɗara na Sheffield ko Hull da sama da fam 3,000 a shekarar karatu guda. Sai dai wannan adadi mafi ƙarancin abin da za a nuna ne don a ba da biza, kuma duk wanda ya ɗauke shi a matsayin kasafin shekara zai sha mamaki.

Misalin Jamus ya fi fito da matsalar fili, domin can adadi ɗaya aka yanka wa kowa. Tun daga Satumban 2024 ɗalibi kan zuba yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, a riƙa sakar masa yuro 992 duk wata. A Leipzig ko Magdeburg wannan kuɗin kan isa a biya haya da inshorar lafiya a kuma yi cefane, amma a Munich ɗaki guda a gidan da ake tarayya da wasu a madafa da banɗaki na iya lashe kaso mafi tsoka tun kafin a sayi komai. Ko maganar da ake yawan yi cewa karatu kyauta ne a Jamus tana da gyara, domin jihar Baden-Württemberg, inda Stuttgart da Heidelberg suke, tana karɓar yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba tun 2017.

Masu goyon bayan manyan birane kan ce ai can aikin yake, don haka ɗalibi zai riƙa samun abin cike giɓi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman ga mai neman horon sanin makamar aiki a manyan kamfanoni. Amma doka ta ƙayyade lokacin aikin: awa 20 a mako a Birtaniya yayin zangon karatu, awa 24 a Kanada, kwana 140 a shekara a Jamus. Mai gidan haya kuwa babu ruwansa da wannan iyaka. Ɗalibin da ya dogara da aiki don biyan haya, da daren da ya kamata ya yi bita yake biya.

Akwai kuma garuruwan da ko da kuɗinka a hannu ɗakin ne babu. A 2022 Jami'ar Amsterdam ta shawarci ɗaliban ƙetare da kada su taso idan ba su riga sun samu masauki ba. Kanada ma a 2024 ta ninka kuɗin da ake nunawa daga dalar ƙasar 10,000 zuwa 20,635, ta kuma rage yawan izinin karatu, kuma ƙarancin gidaje na cikin dalilan da ta bayar.

Wannan ba ya nufin a rufe ido a bi araha, don Hausawa na cewa araha ba ta ado. Ɗaki mai sauƙin kuɗi da ke bayan gari na iya mayar da ragin da aka samu kuɗin jirgin ƙasa, haka kuma a ƙasashe masu sanyi dole a tambaya ko kuɗin ɗumama ɗaki na cikin hayar. Sannan tun da canjin kuɗi ba ya zama wuri ɗaya, wajibi ne iyalin da ke aika kuɗi su lissafa dukan shekarun karatun har da rara, su kuma nemi ofishin masaukin ɗalibai na jami'ar ya faɗa musu a rubuce ko akwai ɗaki, nawa ne, kuma wata nawa ake jira kafin a samu.