Me ya sa ake yi wa mai jif addu'a, ake yi wa mai sifika dariya?

Wani abokina a Kano ya shekara huɗu yana tara kuɗi, mu kuma muna jiran ranar da za mu je ganin sabuwar mota. Sai ya bar tsohuwar Corolla ɗinsa yadda take, ya sayo sifika biyu da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, daga Legas ya girke a falo. Da labari ya iso majalisa, wani dattijo ya dube shi ya ce, "Yaro, kai da kunne ka cinye kuɗinka?" Aka fashe da dariya. A watan ne kuma wani cikinmu ya sauya jif, aka yi ta "Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare hanya." Ba wanda ya tambaye shi me ya sami tsohuwar.

Ni ina bayan mai sifika, amma ba ido rufe ba.

Mota buƙata ce, ba musu. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. Sai dai wannan aikin Corolla ta Kwatano ma tana yin sa. Duk abin da aka ɗora a kan kuɗinta don a hau jif mai kujerun fata, kuɗin jin daɗi ne da na a-gan-ni. To wannan rarar ce ya kamata a auna da kuɗin kayan sauti, ba motar ɗungurungum ba. Idan aka auna haka, mutanen biyu abu ɗaya suka saya. Bambancin kawai, na ɗaya ana ganinsa a ƙofar masallaci da wajen ɗaurin aure, na ɗayan kuwa sai wanda ya shiga falo ya cire takalmi.

Ga kuma cin da mota ke yi bayan an saye ta. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita tana wajen naira 185; kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Ƙara da taya, baƙin mai, inshora, takardu, da bakanike wanda kullum sai ya gano sabon ciwo. Babbar mota kamar doki ce, ko ba a hau ba sai an ba ta harawa. Sifika mai kyau kuwa ba ta neman komai sai wuta da a kare ta daga ƙura. Akwai wata ƙarama, LS3/5A, da injiniyoyin BBC suka tsara a shekarun 1970 don motocinsu na watsa shiri daga waje. Har yau ana ƙera ta, tsofaffin ma rububinsu ake yi. Amfilifayar McIntosh MC275 ta fito a 1961, kuma akwai na wancan zamanin da ke aiki har gobe. Motoci nawa na 1961 ka gani a titin Zariya?

Amma fa masu kayan sauti su ma suna da tasu wautar, kuma ba ƙarama ba ce. Kunnen ɗan Adam iyakarsa wajen Hertz 20,000 a ma'aunin sirantar sauti, shi ma a ƙuruciya. Da shekaru sun ja sai ya riƙa raguwa. Duk da haka za ka ga magidanci mai furfura ya sayi waya ta haɗa sifika da kuɗin da zai sayi babur, yana rantsuwa ya ji bambanci. Rufe masa ido ka sauya wayar, ka ga ko zai gane. Wannan da mai motar da agogonta ke nuna 240, alhali doka ta tsayar da shi a kilomita 100 a babbar hanya, kuma rabin ranarsa a cunkoson Kurna yake ƙarewa, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Sannan falo mai tayil da bango tsirara yana mayar da sauti kamar cikin rijiya. Darduma da labule masu kauri sun fi wata na'urar ta miliyoyi gyara shi. Wanda kuma bai sa sitabilaiza ba, wutar NEPA za ta koya masa hankali dare ɗaya.

Abu guda na yarda da dattijon nan a kai: mota iyali duka ke mora, har da maƙwabta. Idan uwargida tana hawa adaidaita da goyo don maigida ya ji kiɗa garau, to an yi zalunci. Abokina dai motarsa na tafiya, kuɗin makaranta a biye.

Na je gidansa wata Asabar. Ya sa wani tsohon kiɗan kalangu da na sha ji a rediyo tun ina yaro, sai ga shi ina jin lokacin da makaɗin ke matse tsarkiya a hammata, har da numfashin 'yan amshi kafin su karɓa. Bayan Magariba ya sa karatun Alƙur'ani, mahaifiyarsa ta fito daga ɗaki ta zauna a darduma, ba ta ce komai ba har aka kai ƙarshen sura. Da za ta tashi ta ce, "Gobe ma ka sa min wannan."