Otizim bayan shekara 40: Ingila na da gwaji, shaidun kuwa suna gida

Wani magidanci cikin Hausawa mazauna Ingila, wanda ya haura shekara 40, ya kai ɗansa asibiti saboda jinkirin magana. Yana cike takardar tambayoyi game da yaron sai ya ga kusan komai da ake tambaya shi ma haka yake tun yana ƙarami. Da ya gaya wa yayansa a waya cewa zai je a gwada shi ko yana da otizim, wato galahanga, sai yayan ya ce mai digiri biyu ina shi ina wannan, zaman Turai ne ya fara taɓa shi. Maganar ta yi min ciwo, ko da yake na san daga inda ta fito.

Otizim ba ya kama mutum da girmansa. Da shi ake tashi, ganewar ce ke makara. Likitoci na duba ɓangare biyu. Na farko mu'amala: wahalar gane habaici da zolaya, rashin sanin lokacin da za a karɓi magana ko a bar ta, gajiya mai tsanani bayan shiga taro. Na biyu son abu ya tafi a tsari ɗaya kullum, nutsewa cikin fanni guda har a manta da ci, da jin ƙara ko haske ko wani irin yadi ya fi ƙarfin jiki. Dole a samu duka biyun, kuma dole su faro tun yarinta. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana larurar a 1943 kan yara 11, kuma shekaru da dama masu alamu masu tsanani kawai ake ganewa. Wata likita a Ingila, Lorna Wing, ce a 1981 ta jawo hankali ga masu magana da kaifin basira, sannan a 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya haɗa nau'o'in a ƙarƙashin suna ɗaya. Wanda aka haifa a 1980 ko a Landan ne zai iya wucewa ba a lura ba, balle mata, waɗanda suka fi iya kwaikwayon mutane su ɓoye halinsu.

A nan Ingila ana farawa ne daga likitan unguwa. Yawanci zai ba ka takardar AQ-10, tambayoyi 10, wanda ya sami maki 6 ko fiye a tura shi wajen ƙwararru. Ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, ta ce a fara dubawa cikin mako 13. A aikace, a 2024 sama da mutum 200,000 ke jiran layi a Ingila, wasu shekaru suke yi. Akwai tsarin Right to Choose da ke ba ka damar zaɓar wata cibiyar da hukumar lafiya ta gwamnati, NHS, za ta biya, amma sai ka tambaya da bakinka.

Ranar gwajin za a shigar da kai ɗaki marar hayaniya, da ma'aikaci ɗaya ko biyu, wani na magana wani na rubutu. Da yawa suna amfani da wani tsarin gwaji mai suna ADOS-2. Za a miƙa wa babban mutum littafin hotuna a ce ya ba da labarin da ke ciki, a zube masa ƙananan tarkace a ce ya ƙirƙiri labari da su, a tambaye shi me abota take nufi a wurinsa, ko yana jin kaɗaici. Ba amsar suke bi ba, yadda kake kallo da motsa hannu da mayar da magana suke lura da shi. Sai kuma ɓangaren da ya fi nauyi: hira da wanda ya san ka kana yaro. Wani tsarin wannan hira mai suna ADI-R yana da tambayoyi 93, kuma ya fi mayar da hankali kan lokacin da kake shekara 4 zuwa 5.

Nan ne abin ke karkacewa ga namu. Bature zai zo da mahaifiyarsa, da rahoton makarantar firamare da ta adana a akwati, wani har da jan littafin nan da ake rubuta girman jariri a ciki. Namu zai zo shi kaɗai. Ga sunkuyar da kai gaban babba, wanda a wurinmu tarbiyya ce, ma'aikacin da bai sani ba zai iya rubuta shi a matsayin alama. Haka kuma akasi: mai otizim na gaske zai iya fakewa cikin kunya da kawaici shekara 40 ana yabonsa. Ga gwajin da harshe na biyu ake yin sa, inda kowa ke rasa barkwanci. Ga damuwa da fargaba da larurar rashin tattara hankali, da sukan yi kama da otizim ko su zo tare da shi, abin da ya sa gwajin intanet ba ya yanke hukunci.

To in an tabbatar fa? Babu ƙwayar da ke warkar da shi. Za a ba ka rahoto, kuma dokar daidaito ta 2010 ta ba ka damar neman sauƙi a wurin aiki: umarni a rubuce, tebur nesa da hayaniya, sanarwa kafin a sauya jadawali. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ban raina ba. Amma galibi daga nan sai a haɗa ka da 'yan takardu da adireshin ƙungiyoyi a sallame ka, ka koma ɗakin da babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Na san a gida ana ce wa irin wannan mutum miskili ko mai girman kai, na san aure na mutuwa a kan haka. Duk da haka yana da gurbi. An san Baffa wane ba ya zuwa biki, an san wurin zamansa, ba a taɓa kayansa, kuma babu wanda ya nemi rahoto kafin ya ƙyale shi. Rabin sauƙin da ake rubuto wa kamfani a nan, dangi sun daɗe suna yin sa ba tare da sun san sunansa ba. A ganina mai otizim da ke cikin danginsa ya fi wanda ke riƙe da takarda shi kaɗai kwanciyar hankali, kuma da yawa ba su gane halinsu ba sai da hijira ta raba su da masu rufa musu asiri.

Shi ya sa wanda ke zargin kansa, tun kafin layi ya zo kansa, ya nemi Inna ko Goggo ko yayar da ta goya shi, tun suna raye. Kada ya tambaya ko yana da matsala, za a ce lafiyarsa lau. Ya tambayi yaushe ya fara magana, da wa yake wasa, me ke sa shi kuka har a rasa yadda za a yi, ko yana nuna abu da yatsa don a gani tare da shi. Ya ɗauki muryarsu da izininsu, ya rubuta amsoshin ya tafi da su, domin cibiyoyi da dama suna karɓar bayani a rubuce ko hira ta waya da tafinta idan mai shaidar yana wata ƙasa.