Taurarin farko: a bi sawu kafin a yi shelar kama giwa

Duk bayan 'yan watanni sai ka ga labari ya karaɗe intanet cewa an hango taurarin farko a sararin samaniya. Ni kam na daina saurin tafawa. Har yau babu wanda ya nuna ɗaya daga cikinsu, ko fashewarsa, masana suka amince baki ɗaya.

Dalili a fili yake. Shekarun sararin samaniya kusan biliyan 13.8 ne, taurarin nan kuwa sun kunnu ne tun bai wuce shekara miliyan 100 zuwa 200 ba. Haidirojin da hiliyam ne kusan duk abin da ke jikinsu. Manya-manyansu sun ninka rana nauyi sau ɗaruruwa, shi ya sa suka cinye makamashinsu cikin 'yan miliyoyin shekaru suka tarwatse. Lissafi ya nuna wanda nauyinsa ya kai na rana sau 140 zuwa 260 yakan fashe ƙurmus, ko guntu ba ya bari. Fashewar taurarin farko ce ta fara watsa kabon da ƙarfe, kayan da daga baya aka gina duniyoyi da su.

Na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 bayan ta lashe kusan dala biliyan 10, tana leƙen wancan zamani. Ban raina ta ba. Amma hujjar da ta fi kama hankalina tana nan kusa da gida. A 2014 masana a Ostireliya suka bayyana wani tsohon tauraro a gungun taurarinmu, mai suna SMSS J0313-6708. Da suka tsattsage haskensa, sai ga kabon, ƙarfe kuwa ko alamarsa ba su gani ba. Suka ce daga tarkacen wani tauraron farko ya samu, wanda ya fashe da rauni: baƙin rami, wato dunƙulen da cibiyar tauraron ta rikiɗe ta zama wanda ko haske ba ya kuɓuce masa, ya haɗiye ƙarfen, kabon ya tsira. Mafarauci bai ga giwa ba, amma ga sawunta a laka.

Shi ma sawun yakan ruɗi mutum. A 2023 aka ce wani tauraro da na'urar hangen nesa ta LAMOST ta ƙasar Sin ta gano yana ɗauke da tambarin waccan fashewar ƙurmus. Da wasu masana suka sake auna shi a 2024, sai suka ce ba haka ba ne. Labarin farko ya zagaya duniya, gyaran kuwa sai wanda ya je nema ya gan shi.