Tuwon makiyaya a kan farin tebur

Cikin sanyin Nuwamba aiki ya kai ni Espalion, wani ɗan gari a yankin Aveyron na kudancin Faransa, bakin kogin Lot, wanda mutanensa ba su kai dubu biyar ba. Sha biyu da rabi yunwa ta tura ni wani gidan abinci kusa da tsohuwar gada. Na yi sa'a da na zo a lokacin, domin a irin waɗannan garuruwa da ƙarfe biyu ta yi an kashe wuta, sai kuma bakwai na dare.

Tebur takwas ne kacal. Maigida yana madafa, uwargida ke kai da kawo. Abincin ranar an rubuta shi da alli a baƙin allo: miyar kabewa, aligo da naman alade, sai kayan zaƙi. Na ce, "Madam, ba na cin alade, ba na kuma cin abin da aka dafa da giya." Ko gezau ba ta yi ba. Ta leƙa madafa ta dawo ta ce akwai kifin rafi, da man shanu kawai za a soya shi. Kafin in zauna sosai ta dire burodi da tulun ruwa, waɗanda ba a biyan ko sisi a kansu.

Aligo ne ya sa na ɗauki alƙalami. Dankalin Turawa ne ake dafawa a marmashe, a zuba man shanu da tafarnuwa da ɗanyen cuku, a yi ta tuƙawa har ya yi danƙo. A gabana ta kawo tukunyar, ta ɗaga muciya sama har kusan kafaɗarta, abin yana bin ta kamar igiya bai tsinke ba, tana kallona ta ga ko na yaba. Tuƙi ne irin na tuwo, har karkatar da kafaɗar irin ta Innata ce a tsakar gidanmu na Birni a Damagaram. Da na tambaye ta asalinsa, sai ta ja kujera. Ta ce abincin makiyayan tudun Aubrac ne, kuma tun zamanin da malaman coci ke ciyar da matafiya masu zuwa ziyarar ibada garin Kompostela na ƙasar Sifen ake yin irinsa, da burodi a lokacin, kafin dankali ya shigo. Cukun daga Laguiole yake zuwa, garin da ya yi suna da wuƙaƙe, tafiyar rabin awa a mota. Ta faɗa mini irin shanun, jajaye-jajaye masu baƙin zobe a ido kamar sun sa kwalli.

Wato abincin talaka ne, na rugga. Amma an shimfiɗa masa farin ƙyalle, an jera masa cokali, an ba shi awa biyu cur, kuma na biya Yuro 18, kusan jika 12 na sefa, ban ji an cuce ni ba.

Nan zuciyata ta koma gida, kuma ta yi zafi. Mu ma muna da cukunmu, wanda matan Fulani da Buzaye ke shanyawa a kan asabari. Muna da dambun zogale, da kilishi, da furar gero mai citta da kanumfari, da albasar Galmi da ake lodin ta har Abijan da Akara. Amma shiga gidan abinci mai gilashi da sanyin na'ura a Yamai ko Kano, ka duba takardar jerin abincin. Shawarma, fiza, soyayyar shinkafa. Tuwo da miyar kuka suna can tasha, ƙarƙashin rumfar buhu, ana ci a tsaye kafin mota ta cika. Idan babban baƙo ya zo, har kunya muke ji mu kai shi wurin.

Na san dalili, kuma ba na raina shi. A wurinmu abincin kirki a gida yake. Magidancin da aka gani kullum gaban mai tuwo, sai a fara tambaya ko lafiya da iyalinsa. Cin waje na gwauro ne da matafiyi, shi ya sa ba mu taɓa gina masa daraja ba. Akwai kuma abin da ba zan musanya da duk farin ƙyallen Faransa ba. A ɗakin nan wani tsoho ya zauna shi kaɗai daura da ni, ya ɗaga kai ya yi mini fatan cin abinci lafiya, ya ci gaba da nasa. Kirki ne, amma ba bismillah ba ce. A Damagaram da ya matsa mini kwano.

Sai dai garuruwanmu sun canja. Ma'aikata ba sa komawa gida da rana, matasa suna da kuɗin fita, kuma abin da aka ɗora musu a tebur shi za su ɗauka shi ne abinci mai daraja. Faransawa ba su bar nasu ga sa'a ba. Tun 1961 doka ke kare sunan cukun Laguiole, babu mai liƙa shi a kan wani cuku daban. A 2010 UNESCO ta sa zaman cin abincinsu cikin kayan gadon duniya. Mu ma an yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asali a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka, na ji daɗin haka ƙwarai, amma takarda ba ta ɗaga muciya a gaban baƙo.

Daren nan na kira ƙanwata, wadda ta daɗe tana tara kuɗin buɗe gidan abinci. Ta karanto mini jerin abin da za ta sayar, shawarma ce a kan gaba. Na ce, "Ina dambun Inna?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, wa zai zauna a kujera ya biya kuɗin dambu?" Na tura mata hoton matar nan da muciyarta a sama, na ce ta ware masa ko da ranar Juma'a ce kawai, gero da zogalen wata ukun farko a wuyana.