Kuregen da ya yi mako 6 a zaurenmu

Tunda labarin kuregen nan ya bazu a unguwa ake ta cewa wai na rasa aikin yi. To, ku ji ta bakina.

Lokacin cirar gyaɗa ne ɗana ya shigo da shi a cikin hula. Tarkon waya ya kama shi a ƙafar baya, ya ci naman har ana hango ƙashi. Ya ce, "Baba, yankawa za mu yi ko saki?" Sakinsa a haka miƙa shi ne ga shaho ko kare. Na ce ya kawo kwali.

Likitan dabbobin garinmu, wanda ya fi sabawa da shanu da tumaki, ya duba ya ce babu karaya. Ya ce a riƙa wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, kada a bari ƙuda ya sauka, don da zarar tsutsa ta shiga magana ta ƙare. Ya kuma ja kunnena a kan cizo. A ƙauye ana cewa kurege yana da dafi. Ba dafi irin na maciji ba ne, ƙwayoyin cutar bakinsa ne ke sa wurin ya ruɓe. Sai da safar hannu mai kauri nake taɓa shi, yara kuwa na hana su.

Kwana 3 ko ruwa bai kalla ba. Ya dunƙule a lungu, farin layin gefen jikinsa yana ta sama da ƙasa saboda haki. Maman yara ce ta ce mu rufe shi da tsohon zane, dabbar rami ce, duhu take so. A rana ta 4 na ɗaga zanen na ga ɓawon gyaɗa biyu. Wallahi sai da na yi hamdala a fili. Bayan mako guda ya huda kwalin, domin haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro, dole su yi ta gwaguya. Muka mayar da shi tsohon akurki, muka sa masa guntun itace.

Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, ɓarawon gyaɗarka kake wa jinya?" Gaskiyarsa. Kurege yana tone iri tun ranar shuka, kuma ban ga laifin manomin da ya kare gonarsa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya ɗana tarko ya yi kwanaki bai waiwaye shi ba, dabba tana fizgar ƙafa cikin rana har ƙishirwa ta kashe ta. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba. Me ya raba wannan da tarkon da aka manta? In ka ɗana, ka zaga kullum. In za ka ci, ka yanka nan take.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rigimar yara. Da ya fara taka ƙafar, yana riƙe gyaɗa da hannu biyu yana juya ta, suka ce a ɗaura masa igiya ya zama namu. Na ƙi. Har ya warke bai daina yi mini gurnani ba, kuma na so hakan, domin kuregen da ya saba da mutum ba ya daɗewa a daji.

Ranar wata Juma'a da hantsi muka kai shi bakin wani tsohon suri, nesa da gonaki. Ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya duba gabas da yamma, sannan ya shige yana ɗan ɗingishi. Ɗana bai ce mini uffan ba har muka iso gida.